Amsa ga mai tambaya kan sagewar hannu a lokacin juna biyu

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin ce cikinki ya shiga wata na bakwai, hannayenki suna sagewa da dare har su tashe ki daga barci, da safe kuma ko kofin shayi ba kya iya riƙewa da kyau, kina tambaya ko alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Na yi fama da irin wannan a cikina na biyu da na uku, don haka zan gaya miki abin da na gani da kuma bayanin da aka yi mini a wurin awo.

A wuyan hannu akwai wata ƙaramar hanya matsattsiya tsakanin ƙasusuwa, wadda wata babbar jijiya take bi ta cikinta ta isa yatsu. Idan ciki ya tsufa jiki yana tara ruwa, wanda shi ne yake kumbura ƙafa har takalmi ya daina shiga, kuma wannan ruwan yakan taru a wuyan hannu ya matse jijiyar. Ki lura da yatsun da suke sagewa. Idan babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe, amma ƙaramin yatsa yana nan lafiya, to galibi wannan matsewar ce, domin ƙaramin yatsa wata jijiya daban ce take kula da shi. Abin yakan tsananta da dare saboda muna lanƙwashe hannu cikin barci ba mu sani ba. Ni sai in farka in ji kamar ana tsira mini allurai, in yi ta yarfe hannun a bakin gado kafin ya dawo.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne wani abin ɗaure wuyan hannu mai ɗan ƙarfe a cikinsa, wanda aka ba ni a sashen gashin ƙashi na asibiti, nake kwana da shi don hannun ya zauna a miƙe. Na riƙa ɗora hannun a kan filo, na kuma daina kwanciya a kansa. Aikin gida ma sai da na rage, musamman matse wanki da tuƙa tuwo da muciya, domin duk ranar da na yi su to daren nan babu barci. Riƙe waya na dogon lokaci shi ma yana tayar da shi, ko da yake wannan ba mu cika son a faɗa mana ba. Kada ki rage shan ruwa da sunan rage kumburi, ba ya magani. Kada kuma ki sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis, domin suna iya cutar da abin da ke cikinki, musamman a watannin ƙarshe.

Duk da haka ba na so ki zauna a gida kina jiran ya wuce, ko da manya sun ce sanyi ne kawai. Ki je awo a cikin makon nan a auna jininki a duba fitsarinki, domin kumburin hannu wani lokaci yana tafiya da hawan jinin masu ciki, wanda ake fara zarginsa idan awon ya kai 140/90 bayan mako na 20, kuma shi ne yake kai mace ga jijjiga. Ciwon suga da matsalar maƙoƙo su ma suna iya jawo sagewar, sai ki tambaya ko za a duba su. Idan kuwa fuska da hannaye suka kumbura farat ɗaya, ko kika ji matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ɓari guda na jiki ya yi nauyi baki ya karkace, to wannan ba na jiran ranar awo ba ne, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.

Nawa ya fara sauƙi tun kafin suna, ya tafi gaba ɗaya wajen arba'in, amma akwai waɗanda yake ɗaukarsu watanni, musamman da yake ɗaukar jariri da shayarwa suna sa a yawaita lanƙwasa wuyan hannu. Idan ya ƙi tafiya, ko kika ga tsokar gindin babban yatsa tana lotsawa, ki koma wurin likita, akwai allurar da ake yi a wuyan hannun, a wasu lokuta kuma ƙaramin aiki. Allah ya raba ku lafiya.