Kafin ka zuba kuɗi a wasan teburi

Tambaya: Malam, ina son in fara jan ragamar wasan Dungeons & Dragons, inda kowane aboki zai zama wani jarumi, ni kuma in riƙa warware labarin. Na ga littattafai uku, da taswira, da 'yan mutum-mutumin roba. Wanne zan fara saya?

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ko zama ɗaya ba ku yi ba, har ka fara lissafin kaya? Tun 2014 kamfanin wasan ya saki muhimman ƙa'idojin wasan kyauta a intanet, sauke su ka karanta. Abin saye ɗaya ne: saitin dayis (ƙwayoyin jefawa masu lambobi, irin na ludo) guda bakwai, daga mai fuska 4 zuwa mai fuska 20, wanda za ku fi jefawa. Saiti ɗaya ya ishe ku, ku riƙa miƙa wa juna. Sai fensir da takarda. Dodo kuwa, murfin kwalba ma ya wadatar a maimakon mutum-mutumin roba.

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, don ni ma na faɗa ramin. Na sayi littafin dodanni mai kauri, a mako na uku abokan suka watse saboda an kasa tsayar da ranar haɗuwa. Har yau littafin yana cikin ledarsa. Asalin wasan nan, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, 'yan ƙananan littattafai uku ne a kwali, kuma mutane sun kwana a kansa. Ka fara samun mutum huɗu da za su zo sau huɗu a jere, sannan mu yi maganar littafi.

Tambaya: Wane launin dayis ne ya fi kawo sa'a?

Amsa: Babu. Sayi wanda lambarsa ke karantuwa daga ɗaya gefen teburin.

Tambaya: Malam, gabana faɗuwa yake. Ina tsoron in manta ƙa'ida a tsakiyar wasa, a yi mini dariya.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, za ki manta, kowa ma yana mantawa. In abu ya shige miki duhu, kada ki tsayar da wasa kina buɗe shafuka. Ki ce a jefa mai fuska 20, ki yanke hukunci, in an tashi ki duba. Ki shirya abu kaɗan: ƙauye ɗaya, kogo ɗaya, mutum uku masu suna. 'Yan wasan za su bar kogon su je su yi ta cacar baki da mai tsaron ƙofa. Ki bi su, ki ba mai tsaron murya.