Wa ke da wuƙa da nama a fina-finan katun?

Tambaya: Na ji ana cewa wasu fina-finan katun na Amurka suna nuna soyayya tsakanin jinsi ɗaya. Shin masu zanen ne suke yanke wannan shawara, ko kuwa kamfanoni?
Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Marubuta da masu zane ne kan kawo labarin, amma kamfanin da ya zuba kuɗi shi ke da wuƙa da nama, kuma yawanci kasuwa yake kallo. A shekarar 2014, shirin The Legend of Korra na tashar talabijin ta Nickelodeon ya ƙare da mata biyu riƙe da hannun juna kawai, sai daga baya masu shirin suka bayyana cewa soyayya suke nufi. A 2018 Steven Universe ya nuna ɗaurin auren Ruby da Sapphire, waɗanda dukansu ake nunawa a matsayin mata, kuma mai shirin, Rebecca Sugar, ta ce sai da ta daɗe tana ja-in-ja da tashar Cartoon Network, wadda ke tsoron rasa kasuwannin waje. Tsoron yana da tushe, domin tun 2017 hukumar tace fina-finai ta Kenya ta haramta shirin.

Batun fim ɗin Lightyear na 2022, wanda kamfanin Pixar ya yi, ya fi fito da lamarin fili. An cire wata gajeriyar sumba tsakanin mata biyu, aka mayar da ita bayan ma'aikatan Pixar sun zargi Disney, kamfanin da ya mallaki Pixar, da tauye musu aiki, sannan Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka hana haska fim ɗin a sinimominsu.