Yadda Ake Saita Matatar Imel Don Kama Saƙonnin Damfara

Malam, ka tambayi yadda za ka tare saƙonnin 'yan damfara kafin su shiga imel ɗin ƙungiyarku ta manoman shinkafa a ƙauyen da ke kusa da Haɗeja. Da farko ka saita matatar, wato tsarin da ke tace saƙonni masu shigowa, ta riƙa duba gwaje-gwajen SPF da DKIM da DMARC, domin su ne ke tantance ko saƙo daga inda yake iƙirari ya fito. Saƙon da ya faɗi wannan gwaji a killace shi, kada a goge, don wani lokacin saƙon dillalin taki na gaskiya yakan faɗa ciki. Ka toshe fayilolin .exe, wato masu kunna manhaja a kwamfuta, gaba ɗaya, sannan a sanya wa duk saƙon da ya zo daga wajen ƙungiyar alama, musamman mai neman a sauya lambar asusun banki.