Tambaya da Amsa: Bankuna, Layin Dogon Amurka da Cin Hancin 'Yan Majalisa

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina jin ana cewa bankunan zuba jari a kan layin dogo suka yi ƙarfi a Amurka. Me ya haɗa banki da jirgin ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Yawan kuɗi ne da dogon jira. Kafin jirgi ya ɗauki fasinja ko ɗaya, sai an fasa duwatsu, an kafa gadoji, an shimfiɗa ƙarfe na ɗaruruwan mil, kuma babu attajirin da aljihunsa zai ɗauki wannan shi kaɗai. Sai kamfani ya buga takardun lamuni, wato alkawarin biyan bashi bayan shekaru, da kuɗin ruwa duk shekara. Bankin zuba jari shi ne dillali: ya karɓi takardun da rangwame, ya tallata su a gida da Turai, tazarar ta zama ribarsa.

Haɗarin yana zuwa ne idan kaya suka ƙi fita. A 1870 bankin Jay Cooke ya ɗauki nauyin sayar da takardun kamfanin layin dogo na Northern Pacific na dala miliyan 100, masu ruwa kashi 7.3 cikin ɗari, yana karɓar ta dala 100 a kan 88. Layin ya bi ta yankin da babu jama'a sosai, masu saye suka ja baya. Cooke ya riƙa ciyar da aikin da kuɗin masu ajiya, kuɗin da mai shi zai iya nema gobe, alhali an binne shi a aikin da sai bayan shekaru zai kawo riba. Ranar 18 ga Satumba 1873 bankin ya rufe, kasuwar hannun jari ta New York ta tsaya kwana 10.

Tambaya: Gafarta Malam, gwamnati ce ta tallafa wa layin Union Pacific, akwai doka, akwai masu duba aiki. Amma ana cewa an yi sama da faɗi da kuɗin aikin. To ta wace ƙofa aka kwashe kuɗin?

Amsa: Ta ƙofar kwangila. Dokar 1862 ta ba kamfanin rancen takardun gwamnati bisa kowane mil: dala 16,000 a fili, 32,000 a tudun da ke tsakanin duwatsu, 48,000 a cikin duwatsu, ga kyautar filaye a gefen layi. Gyaran 1864 ya ninka filayen, ya kuma bar kamfanin ya buga nasa takardun da za a fara biya kafin na gwamnati. Ka lura, tsawon layi ake biya, ba a tambayar nawa aka kashe.

Thomas Durant, mataimakin shugaban kamfanin, da abokansa sun gane cewa ribar tana wurin gini, domin ba wanda ya san ko jigila za ta biya. A 1864 suka mallaki wani kamfani, suka sa masa suna Crédit Mobilier of America, suka karkatar da kwangilar ginin zuwa gare shi ta hannun wani ɗan kore, Herbert Hoxie. Mutanen da ke ba da kwangila su ne masu karɓarta. Injiniyan Union Pacific, Peter Dey, ya ƙiyasta kusan dala 30,000 a mil, aka rubuta 50,000, shi kuwa ya ajiye aiki. Ya yi daidai, don sa hannunsa ake so a wanke farashin da shi.

Akwai wata dabarar. Doka ta ce da tsabar kuɗi, a cikakken farashi, za a sayar da hannun jarin Union Pacific. Sai Union Pacific ya rubuta wa ɗan kwangila cak, ɗan kwangila ya mayar da shi a matsayin kuɗin hannun jari. A littafi an biya, a asusu babu abin da ya shiga. Kamfanin jirgi ya rage da bashi, riba ta koma ɗaya gidan.

Don kada majalisa ta yi bincike, Oakes Ames, ɗan majalisa daga Massachusetts kuma jigo a harkar, ya sayar wa abokan aikinsa hannun jarin Crédit Mobilier a 1867 da 1868, ƙasa da farashin kasuwa ƙwarai. Wasu ma ko kwabo ba su fitar ba, daga ribar aka cire kuɗin. Wannan toshiyar baki ta fi ambulan illa, domin ta mai da mai sa ido abokin tarayya.

Tambaya: Malama ce ke tambaya: an hukunta su kuwa?

Amsa: Malama, hukuncin bai taka kara ya karya ba. An gama layin ranar 10 ga Mayu 1869, amma sai a Satumba 1872 jaridar New York Sun ta fasa ƙwai, bayan rigima ta ɓarke tsakanin masu hannun jarin Crédit Mobilier. Kwamitin majalisa ya nemi a kori Ames da wani ɗan majalisa, James Brooks; a Fabrairu 1873 majalisar ta tsaya a kan tsawatarwa kawai. Sunan mataimakin shugaban ƙasa Schuyler Colfax ya ɓaci. Ɗan majalisa James Garfield, wanda shi ma aka ambata, ya musanta, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1881. Dokar tilasta wa masu sayar da takardun jari bayyana gaskiyar asusunsu, da wadda ta raba bankin ajiya da na zuba jari, sai a 1933 aka yi su.