Tambaya da Amsa: Abokaina sun ce mu je zamiyar ƙanƙara a kan dutse, in je ko in noƙe?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni ɗalibi ne a Munik ta Jamus, wannan ne hunturuna na farko a nan. 'Yan ajinmu sun ce ranar Asabar mu je dutsen Wallberg mu yi wasan nan da ake zama kan keken katako a sulalo daga sama kan dusar ƙanƙara. Ban taɓa yi ba kuma sanyi na ba ni wahala sosai. Akwai haɗari? Me zan saka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je abinka, wasa ne mai daɗi kuma ba ya buƙatar sati guda ana koya maka kamar masu ɗaura sanduna a ƙafa. Amma na lura duk hankalinka na kan sanyi, alhali abin da ya fi kai mutane asibiti a wasan nan gudu ne da rashin iya birki. Sanyi kaya ke maganinsa, bishiya kuwa in ka rungume ta da gudun kilomita 40 a awa babu rigar da za ta cece ka, kuma wannan gudun ba wuya ake kai shi a gangara mai kyau.

Abokanka ma dai ba su zaɓo maka wurin koyo ba gaskiya. Hanyar Wallberg, can kusa da tafkin Tegernsee, tsawonta kilomita 6.5 ne, kuma daga inda motar kebur, wadda ke rataye a waya tana kai mutane saman dutse, ke sauke ku zuwa ƙasa gangarar ta kai mita 825, tana cikin masu tsawo da wuya a Jamus. Ba ana nufin ba za ka iya ba. Amma kafin ranar ka samu wani ɗan tudu cikin gari, irin wanda yara ke wasa a kai, ka yi ta gwada tsayawa har ƙafarka ta saba.

Ga yadda abin yake. Keken nan ba shi da sitiyari ba shi da birki, katako ne kan ƙarafa biyu sai igiya a gaba, to ƙafafunka su ne komai. Zama za ka yi kana kallon gaba, kar ka kuskura ka kwanta rub da ciki kai a gaba ko da ka ga wasu na yi. In za ka rage gudu ka dasa tafin ƙafa gaba ɗaya, duka biyun, dab da ƙarafan keken. Sabbin shiga dunduniya kawai suke cakawa, sai dusar ta yi ta feshin fuska ba sa ganin gaba, in kuma dunduniyar ta ci karo da wani abu mai tauri idon sawu ko gwiwa ne ke biya. In kana so ka tsaya cak, ka matsa baya kan mazaunin, ƙafafu a ƙasa, ka kama gaban keken da hannu biyu ka ɗaga shi sama, sai bayan ƙarafan ya nutse ya riƙe. Kwana kuma, in hagu za ka yi ka taka ƙafar hagu, ka karkata jiki hagu. Sannan birki kafin kwana ake yinsa, in ka bari sai ka shiga cikinta ka makara, keken zai wuce da kai kai tsaye cikin daji.

Wani abu da mutane ba sa kula da shi, yanayin hanyar canzawa yake a rana ɗaya. Da safe bayan an gyara ta tana da laushi, ƙafa na kamawa, zuwa la'asar ɗaruruwan mutane sun bi sun daddale ta sun tona ramuka, inuwa ta sauko wurin ya daskare ya zama gilashi, a nan birkinka kusan ba ya aiki. Don haka ku tafi da wuri, dama a Disamba da farkon Janairu kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi. In ka faɗi, kuma za ka faɗi, kar ka zauna tsakiyar hanya kana dariya kana kakkaɓe jiki, ja kekenka ka koma gefe nan take don na bayanka bai fi ka iya birki ba. Hular kwano dole ce a wurina, ka yi haya ko ka ara. Kuma ka hau kai kaɗai, goyo nauyi yake ƙarawa, nauyi kuma gudu.

To mu zo kan sanyin. Duk mita 1,000 da ka hau sama ana rasa wajen digiri 6 da rabi, ga iska, ga kuma iskar da gudunka ke jawowa, saboda haka abin da wayarka ta nuna na Munik ba shi za ka tarar a sama ba. Kaya hawa uku za ka yi: na jikin fata mai tsotse gumi, na ulu ko na roba irin na 'yan wasanni, sai suwaita a tsakiya, sai jaket da wando masu hana ruwa da iska. Auduga ka bar ta a gida, wandon jins ma haka, da ya jiƙe shi ke nan ya zama maka firji. Takalmi mai tsawo da ya rufe idon sawu, ƙasansa mai gargada, shi ne ma birkin naka ai, kambas mai sulɓi ba zai yi ba. Safa mai kauri guda ɗaya ta fi uku da za su matse ka su hana jini gudu. Safar hannu mai hana ruwa, da tabarau, don dusa na maido da hasken rana sosai, ido na iya ƙonewa ko da gari da sanyi. Gyalen wuya ka cusa shi cikin jaket kar ya yi reto ya maƙale.

Wannan kuma ya shafe mu kai tsaye: binciken da aka yi kan sojojin Birtaniya da na Amurka ya nuna baƙar fata sun fi saurin samun raunin sanyi a yatsu. Kuma a fatarmu ba lallai ka ga jan da littattafan Turawa ke faɗa ba, sai dai wurin ya yi toka-toka ya mutu ba ka jin taɓi. Da ka ji yatsa ko kunne ko hanci ya daina zafi ya koma shiru, ka shiga ɗaki. Kar ka murza, kar ka kanga a wuta ko hita, ka sa hannun a hammata ko ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri. In ya yi ƙuraje masu ruwa ko jin bai dawo ba, asibiti.

A rumfunan kan dutse za a miƙo maka abu mai zafi mai ƙanshin kanumfari, Glühwein ko Jagertee, duka da giya a ciki, Kinderpunsch ne babu, ko ka tafi da shayinka a fulas. Waya ka sa ta aljihun ciki don sanyi na shanye batir, lambar gaggawa 112. Ka tabbatar inshorar lafiyarka na aiki, kuma ku duba da safe ko an buɗe hanyar, don in dusa ta yi ƙaranci ko ta daskare da yawa rufe ta suke yi.

In abin ya shige ka kana son ƙari, akwai Preda zuwa Bergün a Suwizalan, kilomita 6 kan titin mota da ake rufewa lokacin hunturu, jirgin ƙasa ke mai da kai sama, ita ce ma na fi so wa mai koyo. Wildkogel ta Ostiriya kilomita 14 ce da fitilu har dare. Ta Faulhorn zuwa Grindelwald, ita ma a Suwizalan, kuwa kilomita 15, amma sai ka ja kekenka a ƙafa sama da awa biyu kafin ka kai mafarinta, wannan ka bar ta sai baɗi.