Ina so in tsallake kogin Kaduna da iyo, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam malam. Ni matashi ne daga Kabala, shekarata 22, na koyi iyo a suwimin ful na wani otal, yanzu ina iya zuwa da dawowa sau goma ban tsaya ba. Ni da abokaina mun shirya mu tsallake kogin Kaduna da iyo mu ɗauki bidiyo, kuma burina nan gaba in riƙa yin iyo mai nisa irin wanda nake gani a YouTube. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Burin naka mai kyau ne, amma maganar tsallake kogi ku ajiye ta tukuna, musamman in a damina kuke nufi, wajen Agusta da Satumba lokacin da ruwa ke shiga gidajen mutane a bakin kogi. Wannan lokacin ko masunta da aka haifa a cikin sana'ar lissafi suke kafin su tura kwale-kwale.

Bari mu yi lissafin naka. In ful ɗin mai tsawon mita 25 ne, zuwa da dawowa sau goma mita 500 kenan, ba laifi, ka yi ƙoƙari. Amma fa a ful duk mita 25 kana taɓa bango kana tura ƙafa, hutu ne kake samu baka sani ba, ruwan a tsaye yake, kana ganin ƙasa, in ka gaji ka kama gefe. Kogi babu ko ɗaya cikin waɗannan. Mai iyo irinka yawanci sai ya ci minti biyu ko fiye kafin ya gama mita 100, to mu ƙaddara ruwan yana tafiyar mita ɗaya duk daƙiƙa, wanda ba wani abin mamaki bane ga kogi cike, kaga ruwan ya fi ka gudu kenan, in faɗin wurin mita 200 ne kafin ka kai tsallake ya gangara da kai nisan da ya fi faɗin kogin gaba ɗaya. Anan ne mutane ke halaka, mutum ya sa ido kan wata bishiya yace sai nan zai fita, ya ga ana wuce da shi sai ya juya ya fara kokawa da ruwa, minti uku numfashi ya ƙare, tsoro ya shigo, ya fara shan ruwa. Abin da masu kogi ke yi shine su shiga tun daga sama nesa da inda suke son fita, su yanka a karkace suna barin ruwa yana taimakonsu, kuma sun riga sun san wuri biyu ko uku da za a iya fita in an wuce na farko.

Sannan kogin namu duwatsu ne da shi, da rani ai kana ganinsu daga kan gada. In ruwa ya rufe su suna nan basu tafi ko'ina ba, bayan kowane babban dutse ruwa juyawa yake yana jan abu ƙasa. Ga ramukan masu haƙar yashi, kana tafiya ruwa iya ƙugu taku ɗaya ka ji babu ƙasa. Ga tsohuwar koma da igiyar ƙugiya da reshen bishiya da ke kama ƙafa. In ruwa ya kwashe ka a wuri mai duwatsu kar ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, ƙafa kan maƙale a tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum, ka kwanta rigingine ƙafafu a gaba har ka isa inda ya lafa.

Su waɗanda kake gani a YouTube ɗin, kyamara bata cika nuna maka jirgin da ke gefensu ba. Matthew Webb, Baturen Ingila da ya fara tsallake tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo a 1875, wajen awa 22 ya yi a ruwa, nisan a miƙe kusan kilomita 34 ne amma igiyar ruwa ta yi ta yawo da shi, kuma jirage na biye da shi suna bashi abin sha. Shi ɗin dai a 1883 ya shiga kogin Niyagara ƙasan inda ruwa ke zubowa, bai fito da rai ba. Mutumin da teku bai ci ba kogi ya ci shi. Martin Strel ɗan ƙasar Sulobeniya da ya bi kogin Amazon fiye da kilomita 5,000 cikin kwana 66 a 2007, tawaga guda ce tare da shi harda likita. Ko a Argungu da ake gasar iyo da kamun agwagwa da hannu a kogin Matan Fada, ai Sarkin Ruwa da mutanensa suna nan, masunta kuma kowa da gorarsa da yake hawa, ba wanda ya ce masu ragwaye.

To ga yadda zaka fara. Ka zauna a ful ɗinka har sai ka iya mita 1,500 ba tsayawa kuma ka fito kana iya magana, ba kana haki ba. Ka koyi tsayawa a wuri mai zurfi minti goma baka taɓa komai ba, da kwanciya a bayanka kana hutawa, wannan ya fi gudu amfani nesa ba kusa ba domin ranar da jijiyar ƙafa ta ɗaure maka shi zai cece ka. Ka koyi ɗaga kai kana duba gaba duk bayan 'yan bugu, saboda a ruwa mai laka baka ganin ko tafin hannunka, mutum sai ya yi ta zagaye yana zaton miƙewa yake. Ka saba da jan numfashi ta dama da hagu. Don ka san inda ake, gasar Olamfik ta buɗaɗɗen ruwa da aka fara a Beijin a 2008 kilomita 10 ce, tsawon ful ɗinka sau 400, manyansu kuma ƙasa da awa biyu suke gamawa.

In ka kai nan sai ka fita waje, amma ruwa kwantacce tukuna, kuma da rani wajen Maris ko Afrilu, ka guji sassafen hunturu domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau da yawa, kuma faɗawa ruwan sanyi farat ɗaya kan sa mutum ya ja numfashi ba shiri. Ka je wurin masuntan wajen ka gaishe su cikin girmamawa, ka tambayi inda ake shiga da inda ba a shiga, in suka ce akwai kada ko rami kar ka tsaya musu. Ka biya mai kwale-kwale ya bi ka a gefe, ku bi bakin gaɓa maimakon yanka tsakiya, ka ɗaura jarka marar komai da gajeriyar igiya a ƙugu, rufaffiya da kyau, in ka gaji ka rungume ta. Jarkar ta ruwa kwantacce ce kawai, a ruwa mai gudu igiya maƙalewa take. Duk wanda ke cikin kwale-kwalen ya sa laif jaket, wato rigar hana nutsewa, har mai ɗaukar bidiyon, shi ma na fi jin tsoronsa don hankalinsa na kan waya. Ka ja wa abokanka kunne cewa mai nutsewa baya ihu kamar a fim, shiru yake yi kai na sama na ƙasa, kuma in abu ya faru a miƙa masa sanda ko a jefa jarka, wanda bai koyi ceto ba in ya faɗa sai a rasa biyu.

Sai tsargiya. Ruwan da ke kwance mai ciyayi a gefe nan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ke zama, ta fata take shiga ba sai ka sha ba. In ka ga jini a ƙarshen fitsari ko zazzaɓi da ƙaiƙayi bayan 'yan makonni, je asibiti ka faɗa masu ka shiga kogi, a gwada fitsarin, maganin praziquantel ake bayarwa kuma da nauyin jiki ake auna shi, don haka kar ka saya a kemis ka sha da ka.