Idan abu yana bazuwa a hankali, ina ruwansa da can nesa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a lissafi, an ba ni karatu a kan ikweshan ɗin nan, ∂u/∂t = Δ(u^m), wanda ake kira porous medium equation, inda u take nufin yawan abin da ke bazuwa, t lokaci, Δ alamar Laplacian, m kuma ta wuce 1. Na karanta cewa a nan abin da ke bazuwa ba ya isa ko'ina nan take, yana da baki da ke matsawa sannu a hankali. To me ya sa masana suke shan wahala a kan filin da ba shi da iyaka, har da filaye masu lanƙwasa? Abin da bai kai can ba, ina ruwansa da abin da ke can?

Amsa: Malama, rabin maganarki daidai ce, a ɗaya rabin ne gizo ke saƙa. Mu fara da wanda kika yi daidai.

Idan kika warware Δ(u^m), za ki ga ikweshan ɗin zafi ne, sai dai ƙarfin bazuwar ya zama m·u^(m−1). In m ta kasance 1, an koma kan ikweshan ɗin da Fourier ya fitar a littafinsa na 1822: ƙarfin bazuwa ɗaya ne a ko'ina, kuma ɗigon zafi a wuri guda ana jinsa a duk faɗin filin nan take, komai ƙanƙantarsa. Amma da zarar m ta haura 1, duk inda u ta zama sifili ƙarfin bazuwar ma ya mutu. Wannan mutuwar ƙarfin bazuwa ita ake kira gurguncewa. Kuma ba wasan masu lissafi ba ne: daga dokar Darcy ta 1856 ya fito, wadda shi Darcy ya samo ta hanyar tace ruwa cikin yashi a Dijon ta Faransa. Boussinesq ya kai ga m = 2 a 1903 yana nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa, Leibenzon da Muskat kuma suka same shi a shekarun 1930 wajen tafiyar iskar gas cikin dutse mai ƙofofi.

Ɗauki biro ki gwada wannan, a kan layi guda da m = 2:

u = t^(−1/3) · (3 − x²/(12·t^(2/3)))

a inda abin da ke cikin baka ya fi sifili, sauran wurare kuma u sifili ce. A t = 1 tudu ne mai tsayi 3, bakinsa yana x = 6 ta dama da ta hagu. A t = 8 tsayin ya koma 1.5, baki ya kai 12. A t = 27 tsayi 1, baki 18. Ki auna abin da ke ƙarƙashin tudun, kullum 24 za ki samu, ba ƙari ba ragi. Wannan ɗaya ce daga amsoshin da Zel'dovich da Kompaneets suka gano a 1950, Barenblatt ya faɗaɗa su a 1952, Pattle ya sake gano su da kansa a 1959.

Ki dubi bakin tudun da kyau. Yana sauka a karkace ya ci karo da sifili, ya yi kusurwa. A wannan kusurwar babu yadda za a yi a ɗauki Δ yadda aka saba, don haka dole aka sassauta ma'anar amsa: a ninka ikweshan ɗin da wani fankshin mai santsi, a yi intigireshan, a ɗora wa mai santsin nauyin. Ana kiranta amsa mai rauni, sunan da a ganina an zalunce ta da shi. Oleinik da Kalashnikov da Czhou ne suka kafa wannan a 1958. Kuma tunda jimlar amsoshi biyu ba amsa ba ce, dabarar Fourier ta tsinka matsala a harhaɗa ba ta da amfani a nan. Abin da ya rage a hannu shi ne kwatance: wanda ya fara a ƙasa, a ƙasa zai zauna.

Yanzu ga inda kika zame. Gudun bakin yana da iyaka a kowane lokaci, gaskiya ne, amma babu wata lamba guda da ta ƙayyade shi kamar gudun sauti ko na haske. Ita amsar ce take yanka wa kanta gudu. Abin da ake kira matsi a nan shi ne m/(m−1) sau u^(m−1), gudun kuma gangarar wannan matsin ce. Inda tudu ya yi tsini, a guje ake saukowa. To idan abin da kika fara da shi yana ƙara tsayi yayin da ake nisa, na can nesa ya fi kowa gudu, kuma yana iya auko miki cikin ƙayyadadden lokaci. Gwada u = x²/(12(T − t)) da m = 2, inda T wani tsayayyen lokaci ne a gaba. Ɓangaren hagu ya ba da x²/(12(T − t)²), na dama ma haka. Amsa ce sak, ba kusurwa ba komai, amma da t ta kai T sai ta fashe a ko'ina ban da x = 0. Ba wuta aka hura a ciki ba, kaya ne suka kwararo daga inda babu iyaka. Aikin Aronson da Caffarelli na 1983 da na Bénilan da Crandall da Pierre na 1984 sun nuna cewa nan ne kan iyaka: a matsakaici, farkon, wato u a t = 0, bai kamata ya girma fiye da |x|^(2/(m−1)) ba. Ikweshan ɗin zafi, mai gudu marar iyaka, yana jure girma har irin e^(a·x²), wanda shi ne ma'aunin da ya fito daga aikin Tychonoff na 1935. Wato mai tafiya a hankalin ne ya fi tsoron nesa, abin da har yau yake ba ni mamaki.

Wani ɗan abin sha'awa a gefe: ki ɗauki wannan amsar ta dama kawai, ki sa sifili ta hagu. Ita ma amsa ce, kuma bakinta yana tsaye cik a x = 0 har zuwa T. Shi ake kira lokacin jira.

Akwai kuma batun dogon lokaci. A cikin fili mai katanga inda aka tilasta u ta zama sifili a jikin katangar, kaya suna zurarewa, amsa tana raguwa kamar t^(−1/(m−1)), har ta manta da yawan abin da ta fara da shi. A fili marar iyaka babu abin da ke zurarewa, kuma Friedman da Kamin sun nuna a 1980 cewa amsa marar korau mai ƙayyadadden nauyi tana komawa kamannin tudun Barenblatt mai nauyinta. Wajen hujja ma da wahalarsa: akan warware a cikin ƙwallo mai radiyos R, sannan a bar R ta yi ta girma, kuma sai an sami ƙiyasin da bai dogara da R ba, in ba haka ba komai ya watse a hannu.

Sai lanƙwasa. Ga fankshin da ya dogara da nisa r kaɗai, a shimfiɗaɗɗen fili mai fuska d, Δf ita ce f″ + ((d−1)/r)·f′. Kashi na biyun yana dusashewa in an yi nisa. A filin haifabolik kuwa, wato wanda yake lanƙwashe kamar sirdi a ko'ina da lanƙwasa −1, (d−1)·coth r ne yake zama a gurbin (d−1)/r, shi kuma ba ya dusashewa, yana tsayawa a d−1. Dalili shi ne girman ƙwallo a can yana hauhawa kamar e^((d−1)r), ba r^d ba. Kowane taku da bakin ya yi, sai ya tarar da sarari ninkin na baya da zai cika da kaya iri ɗaya. Vázquez ya nuna a 2015 cewa a can bakin yana matsawa ne kamar log t, an raba da (d−1)(m−1). Ki sa d = 3 da m = 2. A shimfiɗaɗɗen fili baki yana tafiya kamar t^(1/5), lokaci ya ninka sau 32 nisa ya ninka biyu. A na haifabolik, taku ɗaya tak na ƙari yana cin ninkin lokaci e², wajen sau 7.4.

Kayan aiki ma sai an sake ƙera su. Ƙiyasin Aronson da Bénilan na 1979, wanda ya hana Δ na matsi faɗuwa ƙasa da −C/t (C wata tsayayyar lamba ce), hujjarsa tana jingine da lanƙwasar Ricci, wani ma'aunin lanƙwasar fili, da zarar an bar shimfiɗaɗɗen fili, kamar dai ƙiyasin Li da Yau na 1986 ga ikweshan ɗin zafi. Lu da Ni da Vázquez da Villani ne suka fitar da sigarsa ta manifol, wato ta filaye masu lanƙwasa, a 2009.

Iyakar girman farko ita ma tana sauyawa. Grillo da Muratori da Punzo sun nuna cewa a filin haifabolik r^(1/(m−1)) ce, ba r^(2/(m−1)) ba. Kina iya ganin dalilin da kanki kafin ki buɗe takardarsu. Da d = 3 da m = 2, ki gwada u = a·r/(T − t), ki ɗauki r babba yadda coth r za ta kusa zama 1. Hagu zai ba ki a·r/(T − t)², babban kashin dama kuma 4a²·r/(T − t)², sai a ta fito 1/4. Farkon da yake hawa a miƙe kamar r, wanda a shimfiɗaɗɗen fili amsarsa za ta rayu har abada, a can ya isa ya fasa amsar a lokaci T.